Zambar Ashirin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi cinikin albashina a Lolo, garin bakin iyaka, ba, don har yau yatsana nake cizo.

Lokacin na dawo garinmu Lafagu ke nan, an sallame ni daga aikin gadi a Kaduna bayan shekara goma sha tara, ga 'ya'ya bakwai. Sai aka haɗa ni da wani Alhaji cikin Dandawan ƙetaren iyaka, mai sayen shinkafa, yana neman mai kula masa da sito. Ƙanin matata (mai digiri ne, bai taɓa aikin kowa ba, amma shawara kamar famfo) ya ce kada in yi rawar jiki, kada in karɓi tayin farko, in yi shiru tukuna sannan in yanka nawa farashin.

Ranar kasuwa muka zauna a kan buhuna. Alhaji ya ce zai riƙa ba ni zambar ashirin duk wata. Dubu ashirin, ni da furfurata? Na daure. Na gyara hula, na kalli rufi, na yi shirun da aka koya mini (kaɗa ƙafar ƙari ne daga wajena). Can cikin sanyin murya na ce, "Alhaji, ni ba yaro ba ne. Naira dubu saba'in, ba ragi."

Ya dube ni ya ce, "Malam, ka tabbata?"

Na ce a ma rubuta, a kira shaidu. Aka rubuta, na sa hannu har da ƙawa.

Ƙarshen wata ina yi wa direbansa burga, sai mutumin ya zauna ƙasa don dariya. Ashe su da dala suke ƙirga, kowace dala sefa biyar a kuɗin ƙasarsu. Zambar ashirin ɗin sefa dubu ɗari ce, in an canza ta ninka nawa fiye da sau uku.

Direban ya ce, "Kai ɗan Lafagu, ba ka san wanga ba? To mi ka sani?"

Na lallaɓa wajen Alhaji, murya ƙasa-ƙasa. Bai yi faɗa ba. Takardar kawai ya ciro daga aljihu ya ce, "Kai ka ce ba ragi. Ni kuma ba ƙari."

Shekara uku ke nan ina riƙe da makullin siton. Abin da na koya shi ne, jahili mai rawar jiki ya fi jahili mai natsuwa. Mai rawar jikin ko banza yana karɓar abin da aka ba shi.