Rasuwar Kwamfutata, Wadda Gashin Mage Ya Shaƙe

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki da kunya, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutata, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin falo.

Marigayiya ta yi rayuwarta tana taya ni farautar kurakuran manhaja, waɗanda mu masu sana'ar muke kira ƙwari. Mai haƙuri ce. Ko na zage ta a kan laifin da ni na rubuta da hannuna, iyakarta ta ce “tiit”.

Aminiyarta ita ce magenmu, 'Yar Toka, wadda ba ta da wurin barci sai kan madannanta masu ɗumi. Ta taɓa taka su ta cika gurbin rubuta suna na wata manhaja da haruffa barkatai, manhajar ta faɗi warwas, muka kama ƙwaron da ya gagari ofishinmu.

Watan jiya 'Yar Toka ta daina cin abinci. Uwar yara ta ce, “Baban yara, magen nan fa ba lafiya, a kai ta wurin likitan dabbobi.” Na ce bari in gama da wani ƙwaro tukuna. Da ta lallaɓo ta hau madannai, na ɗauke ta na ajiye a waje, na rufe ƙofa. Ƙwaron ashe waƙafi ne guda da na manta ban saka ba. Na same shi, na fito da murna, na tarar da ita a bakin ƙofa ta riga ta sandare.

Daga nan marigayiya ta fara zazzaɓi, fankarta tana nishi, “furrr, furrr”. Mai gyara ya leƙa ya ce, “Maigida, gashin mage ne ya toshe ta. Bari in hure shi, yanzu za ta warke.” Na hana. Abin da ya rage mini na 'Yar Toka ke nan. Haka na zuba ido zafi ya cinye ta.

Ta bar caja mai ɗaurin salatif, da jaka, da mai ita wanda aka gargaɗa sau biyu bai ji ba.

Za a kai ta shagon mai gyara ranar Asabar da safe, a cire abin da zai amfani wasu. Ana karɓar gaisuwa a gida. Maƙwabciya da ta yi alkawarin kawo mana 'yar mage, don Allah Inna ki dakata. Ban cancanta ba tukuna.