Akawu da Magulmaciya

"...da gajiya kuma? Ya ƙafar, Angona?"

"Ƙafa lafiya lau, tana gaishe ki. Sai yau kika tuna kina da miji? Kwana bakwai cur kin tafi kin bar ni da 'yar leƙen asiri a shago."

Akawu ke nan, zaune a kujerarsa ta katako a kusurwar shagon buga takardu, tabarau a saƙale a karan hanci. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan sana'a, tun zamanin tafireta mai ƙararrawa, kuma da kwamfuta ta zo bai ja da baya ba. Wadda ta shigo jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, wadda kowa a gida ke kira Injiniya saboda aikinta rubuta manhaja ne. Tun tana rarrafe yake ce mata matarsa, ita kuwa tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa raga masa ba.

Sai dai yau dariyar Akawu iya leɓe ta tsaya. Wata biyu ke nan manhajar rubutu tana mutuwa a hannunsa. Zai buga takarda tsaf, ya je adanawa, sai allo ya yi fari fat, aikin duk ya bi iska. Abin haushin ma, ma'aikata biyun da ke shagon suna hawa wannan kwamfutar, ko tari ba ta taɓa yi musu ba. Shi kaɗai ta tsana. Ɗan nasa, wanda yanzu shi ke riƙe da shagon, ya same shi cikin ladabi ya ce, "Baba, ko dai ka huta a gida daga ƙarshen wata? Hannu ya fara rawa, kana danna abin da ba ka sani ba." Maganar ta soke Akawu, don shi kansa ya fara tsoron ko kan ne ya fara kwancewa.

Injiniya ce ta ce a dakata tukuna. Ta sa wa kwamfutar wata 'yar manhajar bincike, wadda duk sanda mutuwar ta faru za ta rubuta ƙarfe nawa ne, me ake yi, kuma a ina aka tuntsure. Akawu ya raɗa mata suna Magulmaciya. Yau ce ranar jin gulmar tata.

"Matsa mini, tsoho, in zauna," in ji Injiniya.

"In matsa? Haka ake shigo wa miji hannu rabbana, ko tsaraba babu?"

"Tsarabar me zan kawo wa mai haƙora huɗu? In na kawo nama sai dai in tauna maka."

"Biyar ne, marar kunya! Na biyar ɗin yana can ciki yana hutawa, ba kowa yake fito wa ba."

"Shi ma Baba ne ya ce ya huta?"

Da wasa ta faɗa, amma ta ga yadda fuskarsa ta sauya. Ta jawo kujerar roba ta zauna dab da shi, ta kama linzamin kwamfutar.

Akawu ya gyara murya. "Kafin ki buɗe, ki sani ban yarda da shaidarta ba. Wa ya rantsar da ita? Kwana bakwai tana kallona, ko ina kwana babu."

"Ba kai take kallo ba, kwamfuta take kallo. Wa zai ɓata kwana bakwai yana kallon wannan sanƙon?"

"Wannan sanƙon da kike gani, 'yan mata sun yi layi a kansa tun ba a haifi ubanki ba."

"Na yarda. Duba fuskarsu suke zuwa yi, ai ya fi madubi sheƙi."

Ta buɗe rahoton. Layuka suka zubo, ƙanana, cunkushe da lambobi. Akawu ya kanne ido ya duba, bai tsinci komai ba.

"Sau goma sha tara ta mutu," in ji ta.

"Ƙarya take! Goma sha takwas ne."

"Au, ashe kana ƙirgawa?"

Yana ƙirgawa mana. Kowace mutuwa sai ya ja ɗan layi a bayan kalanda, ya kuma tafi gida da ita a ƙirji.

"Ɗayan ba ya cikin lissafi," ya ce. "Babu kowa a shago lokacin."

"To ga shi akwai Magulmaciya. Kuma ta ce ranar Laraba daga ƙarfe biyu zuwa uku ba a samu mutuwa ko ɗaya ba. Me kake yi?"

"Tunani."

"Da minshari?"

"Har minsharin ta rubuta?"

"A'a, kai ka faɗa yanzu."

"Allah ya isa tsakanina da ke! Gobe zan sake ki in auri mai tarbiyya."

"Ka fara neman wadda za ta yarda ta riƙa nemo maka tabarau alhali yana kan hancinka."

Tana cikin dariya sai ta tsaya cak. Ta matso da fuskarta kusa da allo, ta sauka ƙasa, ta sake hawa sama, ta buɗe wata taga ta koma ta farko. Shirun Injiniya ba abu ne da aka saba da shi ba.

"Ke," ya ce a hankali, babu wasa a muryarsa. "Kada ki yi mini kwana-kwana irin na likita. Ni ne?"

"Dakata, Kaka."

Rabonta da ta kira shi Kaka har ya manta. Ya damƙe hannun kujera.

"Duk goma sha taran a wuri ɗaya ta faɗi," ta ce. "Ba a rubutu ba, ba a firinta ba. Sai an zo sa wa fayil suna. Ga sunayen da ka sa: Ƙorafin ɗan haya. Takardar ɗaukar aiki. Sanarwar ɓatan jaka." Ta nuna ɗaya tagar. "Ga na ma'aikatan nan biyu kuma: korafi, daukar aiki, batan takardu. Angona, wa ya ce ka riƙa sa wa sunan fayil ƙugiya?"

Nan take Akawu ya manta da tsoro, tsohon haushinsa ya taso.

"Wa ya ce? Hankali ya ce! Ke ma kin bi sahun malalatan nan? Bara ɗayansu ya buga wa wani bawan Allah katin gayyata, ya rubuta wai ana maraba da manyan baki. Manyan baki! Mutum ya tara baƙi masu daraja, an ce musu masu ƙaton baki. Ni na zauna na sake bugawa. Baƙin da aka halitta da ƙugiya, ni ban isa in yanke masa ita ba."

"To zo ka rubuta daki, ba ƙugiya, ka adana mu gani."

"Ni? Hannuna bai taɓa rubuta wannan ƙazanta ba, ba kuma zai fara a gabanki ba."

Ta rubuta da kanta, ta adana. Lafiya lau, ko gezau.

"Yanzu rubuta naka."

Ya miƙa yatsu, suna ɗan rawa kam, ba ƙarya ɗansa ya yi ba. Ya rubuta ɗaki da ƙugiyarsa, ya danna. Allo ya yi fari fat. Kafaɗunsa suka zube.

"Kin gani ko? A hannuna..."

"Tsaya mana, sarkin gaggawa." Ta sake buɗe manhajar, ta rubuta ɗaki ita ma, da ƙugiya, da yatsunta masu ƙarfi da ba sa rawa. Ta danna.

Fari fat.

Akawu ya dubi allo, ya dube ta, ya sake duban allo. Sai ya miƙe zumbur, ya manta da ciwon ƙafa.

"Ta mutu a hannunki! Jama'a, ta mutu a hannun Injiniya! Ke ma sai ki huta a gida daga ƙarshen wata!"

"Zauna kafin haƙori na biyar ya faɗo. Wata biyu da suka wuce an sabunta manhajar, sabuwar kuma ba ta san baƙi mai ƙugiya a sunan fayil ba. Da ta gan shi sai ta sume. Kai kaɗai kake sa shi, shi ya sa kai kaɗai take yi wa."

"Wato don na fi kowa iya rubutu?"

"Ban ce haka ba."

"Magulmaciya ta ce. Ni dama tun ranar farko na ga yarinyar nan 'yar mutunci ce."

"Ɗazu ka ce ba a rantsar da ita ba."

"Mai gaskiya irin wannan me za ta yi da rantsuwa? Ita zan aura, na fasa da ke."

Injiniya ta ce za ta mayar masa da tsohuwar manhajar kafin a gyara, amma sai sun aika wa masu ita rahoto, don ba shi kaɗai ke rubutu da ƙugiya a duniya ba. Akawu ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"Rubuta. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan..."

"Gurbi uku ne kawai, tsoho. Me ka yi, me ka zata, me ya faru."

"Ba gaisuwa? Shi ya sa kayansu ke suma." Ya leƙa allon, fuskarsa ta koma ta aiki. "Waɗannan sunayen takardun fa? Sirrin mutane ne. Shekara arba'in ban taɓa fitar da maganar mai takarda ba."

"Na cire su. Misali kawai za mu ba su."

"To sa musu ɗaki, ƙofa, ɓera. Su gwada ukun su sha kunya."

Ta sa, ta haɗa da abin da Magulmaciya ta rubuta, ta bar shi ya danna aikawa da yatsansa. Sannan ta zaro waya ta hau rubuta wa mahaifinta saƙo. Akawu ya leƙa ta kafaɗarta ya karanta: "Baba, ba hannun Kaka ba ne, manhaja ce. Kwakwalwarsa kalau take."

"Ƙugiya uku kika cinye a layi ɗaya," ya ce.

"Wayyo, na shiga uku. Bari in gyara kafin a sake ni."

Ya riƙe mata hannu. Ya sake karanta layin a hankali, leɓensa na motsi, har sau biyu. Wata biyu yana jiran wani ya faɗi wannan maganar. Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga, ya ce wai hasken wayar ne ya yi yawa.

"Bar shi haka, aika masa yanzu," ya ce, yana dariya. "Kin ci ni yau, matar kirki. Na yafe miki ukun, tukuicinki ke nan."