Ƙwarin da Na Saki a Bayan Katanga

Har gobe ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyar Hafsatu, ƙanwar maigidana, ba. Lokacin ina sabuwar amarya, muka taso daga Gesse zuwa Argungu, ni kuwa na ƙudurta sai surukata ta san ɗanta bai yi zaɓen banza ba.

Da hantsi Inna, surukar tawa, ta miƙo mini faifai cike da gero. Ta ce na kunun mai jego ne, in tsince tsakuwa kafin a kai niƙa. Na zauna gindin darbejiya, ba tabarau a idona (wai kar ya ɓata mini kwalliya, Allah Ya yafe mini). Ina dubawa gabana ya faɗi. Baƙaƙen abubuwa ƙanana birjik cikin geron! Ƙwaron hatsi kuwa na san shi tun a sakandare: dogon baki kamar hancin giwa, ƙafa shida, baya mai tauri. Waɗannan dai ban ga ƙafarsu ba, amma baƙi ne, ƙanana ne, me kuma ya rage?

Tausayin Inna ya kama ni. A ce baiwar Allah ta tsufa har ba ta ganin ƙwari a hatsinta, ga gida cike da baƙi? Na ce zan rufa mata asiri. Ɗaya bayan ɗaya na tsince su a murfin kwano, har wuyana ya ƙage. Da yake ba na iya kashe ko tururuwa, sai na zagaya bayan katanga na juye su cikin ciyawa, har da cewa, "Ku je, Allah Ya ba ku wani abincin."

Na dawo da faifai ina jin kaina. Inna ta juya geron, ta sake juyawa.

"Ɗiyata, ina habbatus saudar da ke ciki? Tun Makka nit taho da ita don jegon ga."

Maimakon in yi shiru, sai na ji kaina ina cewa, "Inna, ai ƙwari ne. Na sake su."

Hafsatu ta leƙo daga ɗaki, jaririya a kafaɗa. "Amaryarmu, da kinka sake su, sun ruga?"

"A'a... lamo suka yi. Haka ƙwaron hatsi yake in an taɓa shi."

Tsakar gida ta kaure da dariya, har mai tuƙa tuwo ta saki muciya. Inna kaɗai ta danne tata, ta dafa kaina ta ce, "Allah Shi yi miki albarka. Tashi ki gano ko sun farka."

Haka na durƙusa cikin ciyawa da leshina sabo, ina tsintar abin da kaji suka rage.

Tun ranar, kafin in ji tausayin abu, sai na fara tabbatar da cewa yana da ƙafa.