Kakanmu na Reluwe

Duk zuri'armu, in dai maganar tarihin gida ce, babu mai ja da ni. Masu digiri ma wurina suke zuwa, ni da na ajiye biro a aji shida. Ko daga barci ka tashe ni ka ce in ba ka labarin kakanmu Malam Jatau, sai in zayyano maka shi tun daga hula har takalmi. Matsalar dai guda ce: ban taɓa ganinsa ba. Ina goye ya rasu. Abin da na tabbatar kawai, tsohuwarmu ta ce kullum da safe tashar jirgin ƙasa yake nufa, kuma da aka zo rabon gado, babban abin da aka tarar a ɗakinsa gammo ne. Gammo mai kyau dai, ba laifi.

To ran nan sai ga Mansura, 'yar yayana da ke jami'a. Wai tarihin gidanmu take rubutawa, za ta karanta a taron zumunci bayan sallah, kuma dangin yaron da zai aure ta za su zo. Mutanen nan kuwa irin waɗanda kakansu alƙali ne, kakan kakansu ma alƙali, ko gaisuwa suke maka kamar za su yanke maka hukunci.

Ta ce, "Baffa, an ce kakanku a reluwe ya yi aiki. So nake in ga wurin da idona, in ɗauki hoto. Wai wane aiki ya yi ne?"

Yanzu fisabilillahi, yarinya za ta tsaya gaban jikokin alƙalai, ni kuma in aike ta da gammo? Sai na gyara zama na ce, "Shugaban tasha ne sukutum. Jirgi ba ya motsawa sai ya ɗaga hannu. Bature ma in zai shiga ofishinsa sai ya cire malafa."

Ta ce gobe mu je.

Da sassafe na riga ta zuwa. Tashar garinmu yanzu ba jirgi sai awaki, ciyawa ta cinye layin dogo, rabin kwanon rufin iska ta yi gaba da shi. Akwai wani tsohon maigadi, Baba Ɗandada, da ke zama a gindin darbejiya. Tun yana yaro yake wurin, kunnensa ya ɗan yi nauyi. Na miƙa masa farin goro manya guda biyu, na rusuna na ce, "Baba, anjima zan kawo wata yarinya. In ta tambaye ka Malam Jatau, shugaban tasha ne."

Ya ce, "Jatau. To." Ya jefa goron a aljihu.

Da hantsi muka dawo da Mansura. Na zagaya da ita, na zaɓi ɗakin da ya fi kowanne kyan gani, wanda ƙyaurensa bai gama faɗuwa ba. Na ce, "Ga ofishin nan. Kin ga inda akuyar can ta kwanta? Nan teburinsa yake. Ta wannan tagar yake leƙowa, leburori su kama rawar jiki."

Ta yi ta ɗaukar hoto, ta shafa bango, har idonta ya kawo ruwa. Ni ma na matso nawa, don kada a ce ba ni da zumunci.

Da mun tsaya nan da shi ke nan. Amma ni da baki, sai na ce, "Ga ma wanda ya san shi can, je ki ji da kunnenki."

Ta je ta durƙusa ta gaida tsohon, ta kunna waya tana naɗar murya. Ta ce, "Baba, ko ka san Malam Jatau?"

Ya ce, "Jatau? Wa bai san Jatau ba, 'yar nan? In ya taho da jirgi daga Nguru, tun daga nesa muke gane shi ne a kan inji, don busarsa daban take. Ya sauko fuska duk gawayi, haƙora kawai kike gani."

Mansura ta waiwayo. "Baffa, ba shugaban tasha ka ce ba?"

Na ce, "E mana. In direba ba shi da lafiya shi yake karɓar masa, mutum ne marar girman kai." Na matsa kusa da kunnen tsohon, ina ƙifta masa ido, na ɗaga murya. "Baba, ka manta ofishinsa ne? Shugaban tasha fa. Shugaba."

Tsohon ya daina tauna goro, ya dube ni sama da ƙasa. Wayar Mansura kuwa tana dab da bakinsa.

Ya ce, "Kai Ɗanlami, ka tsayar da magana ɗaya mana, na tsufa da hadda. Da ka kawo ɗan'uwanku na Legas, mai duba tikiti ka ce in ce. Bara da ka kawo mai gilashin nan, direba ka ce. Yau kuma shugaban tasha. Mutum yana kwance a kabari kullum ana yi masa ƙarin girma, ni da nake zuwa aiki har yau maigadi ne."