Giya Mai Laushi

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka je nema wa ɗana Nura aure a Ƙofar Kaura, na kusa rusa maganar da bakina, kuma duk a kan keke.

Likita ne ya ce jinina ya hau, in riƙa motsa jiki. Sai na sayi keken gwanjo mai giya, na riƙa zuwa ofis da shi daga gidanmu na Gobarau. Katsina a shimfiɗe take kamar faifai, ba mu da wani tudun kirki, amma tun da aka yi hanyar ƙarƙashin gada a Ƙofar Kaura muka samu namu. Gangarawa daɗi, fitowa ce aiki. Kullum a tsakiyar hawan nake sauka in tura, masu Napep suna danna mini hon (wani har "sannu Baba" ya ce mini, ni da nake yi wa kaina kallon matashi).

Na kai kukana wurin Iro mai gyaran keke a Ƙofar 'Yandaka. Ya ce hanya biyu ce: ko ya sa mini faranti mai haƙora da yawa a ƙafar baya, giyar ta yi laushi in riƙa hawa a hankali, ko in sayi sabon keke marar nauyi. "Amma Malam, keken ga lahiya lau yake," in ji shi, yana kallon gwiwoyina.

Mako uku ina juya maganar. Sabon keke ya fi kwanta mini a rai, don in na saya, laifin ya koma kan tsohon. Giya mai laushi kuwa amsa laifi ce, na yarda ke nan ƙafar ce ta gaji. Ga shi a gida na riga na cika baki a gaban matata Hajiya da yara cewa ba inda nake sauka, har gori nake yi wa Nura da babur ɗinsa.

Ranar neman auren muka je ni da yayana, Yaya Sule. Baffan yarinyar, Alhaji Mamman, ya karɓe mu a falo shi da ƙannensa biyu. An gama gaisawa ana jiran wani dattijo ya ƙaraso, sai wayata ta yi ƙara. Iro ne, zai tafi Kano sayo kaya, yana son jin abin da na yanke. Na fita na tsaya jikin taga (a buɗe take, ban lura ba). Shagon Iro kuwa yana maƙwabtaka da injin markaɗe, dole sai ka ɗaga murya.

"Iro, na haƙura, giyar nan ta fi ƙarfina," na ce. "Jiya ma a ƙarƙashin gada sai da na tsaya ina haki, ƙafafuna na rawa, da ƙyar na kai gida. Ka samo mini mai laushi. Amma don Allah kada Hajiya ta ji, kada yara su ji. Ni zan zo da kaina."

Na dawo na tarar da falon tsit. Alhaji Mamman ya ƙura wa darduma ido. Da dattijon ya iso Yaya ya gabatar da buƙatarmu, sai Alhaji Mamman ya ce, "To, mun ji. Za mu yi shawara, ku ji daga gare mu." Ko fatiha ba a shafa ba.

A mota, da muka kusa gida, Yaya ya dube ni. Ya ce, "Tun yaushe ka hwara?"

Na ɗauka hawan keke yake nufi, na ce, "Wata biyar ke nan. Likita ne ya sa ni."

Ya taka birki. "Wane irin likita ne ka sa Musulmi shan giya?"

A nan na maimaita wa kaina kalaman da na faɗa a jikin taga, ɗaya bayan ɗaya, na gane giyar sha suka ɗauka. Da na yi wa Yaya bayani, bai yi wuyar fahimta ba, dariya ya yi har da hawaye. Amma kafin magariba yarinyar ta gaya wa Nura cewa Baffa ya ce a dakata. Yaron ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Ban taɓa jin kunyar ɗana irin ta ranar ba.

Washegari na ɗauki keken na nufi gidan Alhaji Mamman (na tura a inda na saba turawa). Na nuna masa faranti da sarƙa, na kira Iro na buɗe murya ya yi bayani. Alhaji ya saurara har ƙarshe, bai ko murmusa ba. Sannan ya ce, "Na yarda ta keke ce. To mi ya sa ka ce kada Hajiya ta ji?"

Na ce, "Alhaji, ba na so su san na tsufa."

Ya daɗe yana kallon gemuna. Ya ce, "Malam, ai sun sani." Ya aika a kira ƙannensa, a zaman nan aka sa rana.

Iro ya sa mini farantin. Yanzu ina haye tudun Ƙofar Kaura ƙafa na juyawa da sauri, keke na rarrafe, mai tafiya a ƙasa ma yakan wuce ni, amma ba na sauka. Abin da na koya kuwa shi ne, in ka ce a rufa maka asiri a kan ƙaramin abu, mutane za su cike gurbin da babba. Na tsaya ɓoye tsufan da kowa ke gani a fuskata, saura ƙiris in bar wa Nura sunan ɗan mashayi.