Ranar da Na Ambaci Sunan Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Asabar ba, watanni kaɗan bayan na kammala digirina a fannin tattalin arziki na dawo gida Agege a Legas, ranar da ƙungiyar matasan unguwarmu ta ba ni dama in gabatar da takarda. (Da farko Lahadi na rubuta, sai da na sake duba littafina na gyara. Halina ke nan, kuma shi ne ya kai ni ya baro.)

Batun da na zaɓa shi ne bambancin ladan aiki tsakanin maza da mata, ban kuma je nesa neman misali ba. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Rakiya, tana tsintar goro a rumfar Alhaji Mudi tun rasuwar mijinta, da shi take ciyar da 'ya'yanta uku. Aikin shi ne a zauna gaban kwando a bi goro ɗaya bayan ɗaya, a ware mai sankara, wato wanda tsutsa ta ɓata, kafin a ɗaure lafiyayyen cikin ganye a tura Arewa. Maza na yi, mata na yi, a rumfa ɗaya. Sai dai namiji kuɗin yini ake ba shi, har da abincin rana. Mace kuwa da kwando ake biyan ta, kuma idan aka tsinci mai sankara ko ɗaya a nata, an soke ladan kwandon gaba ɗaya.

Mako uku na yi ina zuwa rumfar da sunan gaisuwa, ina kallo, ina rubutawa idan na koma gida. Abin da ido bai gani ba, ita ta gaya mini a ɗakinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan, rubuta abin da za ka rubuta, amma ka bar sunana a waje. Alhaji ba ya son ƙorafi, kuma masu jiran in tashi su zauna suna da yawa."

Na tabbatar mata cewa ilimi yana da ƙa'ida, ba a fallasa wanda ya ba da bayani. Har da ɗaga yatsa na faɗa.

Abin da ban sani ba shi ne, Alhaji Mudi ne babban baƙon taron, domin shi ya ɗauki nauyin kujeru da lasifika. Ina shiga harabar Islamiyyar da za a yi taron na gan shi a sahun gaba. Can baya, cikin mata, ga Gwaggo, ta bar aikin yini guda ta zo kallon ɗan yayanta. Mai hankali da ya tsallake shafi biyu. Ni kuwa a ganina rage jimla ɗaya cin amanar ilimi ne, saboda haka na karanta komai. Iyakar rangwamen da na yi shi ne na ce "wata rumfa".

Da na gama, Alhaji ya karɓi lasifika yana murmushi.

"Masha Allah, yaro ya yi karatu. Amma ɗana, namiji shi ke riƙe da gida, mace kuɗin sabulu take nema, ta yaya za su zama ɗaya? Maganar soke kwando kuwa, ban taɓa jin ta a kasuwar nan ba. Ko dai ƙagawa ka yi don takarda ta yi armashi?"

Aka yi dariya. Wani daga gefe ya ce, "Oga ya kama ɗan boko."

Da zagina ya yi, ina jin da na shanye. Amma a ce na ƙaga? Ni da nake duba waƙafi sau uku? Ban san lokacin da na karɓe lasifikar ba.

"Allah ya ƙara wa Alhaji girma, ban ƙaga ba, ina da majiya. Ga Gwaggo Rakiya can, a rumfarka take aiki, an soke mata kwando biyu makon jiya, kuma ita ke riƙe da gidanta."

Kowa ya juya baya. Gwaggo ta miƙe a hankali tana gyara mayafi, ba ta dube ni ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Yaro ne, boko ya yi masa yawa. Ni ban gaya masa komai ba, kuma ba a taɓa soke mini kwando ba."

Igiya ce ta jefo mana mu duka biyu, abin da ake bukata kawai in yi shiru in karɓi sunan maƙaryaci na yini ɗaya. To, a nan ne na yi abin da har yau idan na tuna nake rufe fuska ko ni kaɗai ne a ɗaki. Na buɗe littafina, na duba, na ce cikin ladabi, a lasifika:

"Gwaggo, ranar Talata ne da ranar Alhamis."

Alhaji ya ce ba komai, ya rufe taro da addu'a. Ranar Litinin aka gaya wa Gwaggo goro ya yi ƙaranci, ta zauna a gida za a neme ta. Mahaifina ya je ban haƙuri, Alhaji ya rantse bai kori kowa ba. Kuma bai yi ƙarya ba, tunda mai aikin kwando ba a korar ta, kwandon ake hana ta. Wannan babin ba ya cikin takardata.

Yanzu kullum da safe motar haya ta danfo take shiga zuwa unguwar Ogba, tana wankau a gidajen mutane. Sai da na yi kwana tara kafin na iya taka ƙofarta. Na same ta tana shafa man kaɗe a yatsunta da sabulu ya cinye. Na durƙusa, na fara jawabin da na tsara, ta katse ni.

"Abin da ka karanta musu, daidai ne?"

"Daidai ne, Gwaggo."

"Babu kuskure ko ɗaya?"

"Babu."

"To, alhamdu lillahi. Da an yi asara biyu. Tashi ka miƙo mini wancan bokitin."

Bayan mako biyu ƙungiya ta aiko mini da takardar yabo, an ma rubuta sunana daidai. Na daɗe ina kallon ta, domin ta koya mini darasin da shekara huɗu a jami'a ba su koya mini ba. Mu biyu muka yi aikin nan. Namijin ya samu takardar yabo, macen ta samu wankau. Tun daga ranar, idan gaskiya ta zo mini baki, nakan tsaya in tambayi kaina wa zai biya kuɗinta, kuma har yanzu ban taɓa samun amsar ta faɗo kaina ba.