Yukatar Farin Alawayyo

Ko na manta komai na ƙuruciyata a Tawa, ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba ba. A daidai lokacin ne Madam Yoko ta buɗe akwatinta a gidan matasa, ta fito da wata doguwar riga shuɗiya mai zanen furanni, ta ɗora ta a kafaɗar Zainabu. Ni kuwa ina zaune a kusurwa da littafi, ina kallo ta saman shafi.

Shekarar nan ce da yajin aiki ya cinye mana karatu a lise, wato sakandare. Yau malamai ba su ga albashi ba, gobe ɗalibai sun fita zanga-zanga, sai gidan matasa ya zama makarantarmu. Madam Yoko 'yar Japan ce da ta zo aikin sa kai, tana koya wa 'yan mata ɗinki da naɗe takarda ta zama tsuntsu. Ta ce za mu shirya ranar al'adun ƙasarsu, a gayyaci iyayenmu da manyan gari da wasu 'yan ƙasarsu masu haƙa rijiyoyi a wajen Tebaram. Yarinya ɗaya za ta sa wannan riga, wadda suke kira yukata, ta tarbi baƙi a bakin ƙofa.

To, ku yi mini adalci. Littafi ɗaya ne tak a kan Japan a ɗakin karatu, kuma ni na karance shi har bangonsa ya saba da hannuna. Na san sunayen tsibiransu, na san dutsen da suke girmamawa, na san yadda ake rusunawa. Zainabu fa? Ɗiyar wani dillalin shanu ce daga Takanamat, doguwa, mai dariyar da ake ji daga titi. Ranar farko ta tambayi Madam ko a garinsu kowa ya iya karate, har da tsofaffi. Ita aka ba rigar.

(Ban ce komai ba. Dama ban taɓa cewa komai ba. Idan Madam ta gaishe ni, littafi nake ɗagawa ya amsa.)

Na yi kwanaki ina ƙuna. Idan Zainabu ta gwada rusunawa ta kusa faɗuwa, kowa ya yi dariya, ni sai in rubuta kuskurenta a zuciyata. Daga baya na yanke shawara: zan ɗinka tawa yukatar a ɓoye, in bayyana ranar bikin, Madam ta ga wadda ta san Japan da gaske.

Matsalar ita ce yadi. Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi, atamfa ta fi ƙarfin gidanmu. Abin da ajiyata ta iya saya a kasuwa shi ne farin alawayyo. Na lallashi kaina cewa fari alamar tsabta ce, kuma mutanen Japan suna son tsabta (wannan ma a littafin yake). Na kai wa telan unguwarmu hoton da ke shafin tsakiya. Ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Wagga riga ba ta da maɓalli?" Na ce ba ta da shi. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya ɗinka.

Safiyar bikin na jingina littafin a jikin madubin kakata, na shiga naɗa rigar. Gefe ɗaya ake ɗorawa a kan ɗaya, sannan a ɗaure da ɗamara. Na yi ta gyara har abin da ke cikin madubi ya zama daidai da abin da ke cikin hoto, ba bambanci ko na zare. Ni mai ƙoƙari a darasin kimiyya, ban tuna cewa madubi yana mayar da dama hagu ba. Na ƙara da farar hoda a fuska, mai yawa, don matar hoton fara ce sol.

Kakata ta shigo, ta tsaya, ta yi salati.

"Ke, wa ya rasu?"

"Iya, shigar Japan ce."

"Japan ko lahira? Alawayyo ai likkafani na. Tuɓe shi, kada ki jawo muna."

Na ce mata a hankali, irin na wadda ta yi boko, "Iya, ba ki san Japan ba."

"Ban san ta ba," in ji ta, tana ɗaukar mayafi. "Amma na san gawa. Mu tahi, sai na ga ƙarshen abinga."

Da muka isa an cika. Zainabu tana bakin ƙofa cikin shuɗiyar yukata, ta yi kyau (ya ɗauke ni shekaru kafin in iya rubuta wannan). Na ratsa ta ban kalle ta ba. Na taka a hankali, da ƙananan taku kamar yadda littafi ya ce, har gaban kujerun baƙin Japan. Na sauke hannuwa, na rusuna sosai, na daɗe a haka.

Wuri ya yi tsit. Na ce a raina, yauwa, yanzu sun ga ta ainihi.

Da na ɗago, wani dattijo a cikinsu ya riƙe kofin shayi a tsakanin teburi da baki, ya kasa kai shi ko'ina. Na kusa da shi ya haɗa tafukansa biyu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka girmamawa ce, sai na ƙara rusunawa.

Madam Yoko ta taho da sauri daga wajen da take jawabi. Ta kama hannuna ta raɗa mini magana da 'yar Hausarta. Sai dai ta manta mikro yana ɗaya hannun nata, a kunne.

"Ƙanwata, a'a, a'a. Fari, kuma dama a sama. Wannan rigar mutum ya mutu."

Lasifika ta kai maganar har wajen masu tallan gyaɗa. Kafin kowa ya motsa, muryar kakata ta taso daga layin baya: "Ai na hwaɗa mata!"

Ban san dariya tana da nauyi ba sai ran nan. Manyan gari, 'yan ajinmu, baƙin Japan, kowa. Zufa ta fara zana layuka a kan hodata. Wadda ta zo ta yafa mini zanenta ta ja ni bayan ɗaki kuwa, Zainabu ce. Tana goge mini fuska tana cewa, "Wallahi ɗinkin ya yi kyau, gawar ce dai ba ta yi ba." Na so ƙasa ta tsage. Na fi jin haushin kirkinta a kan dariyar mutane.

Har na bar lise ana kirana Marigayiya. Abin da na koya shi ne, littafi yana nuna maka riga amma ba ya gaya maka wa ake sa wa, kuma tsohuwar da ba ta taɓa wuce Tebaram ba tana iya riga ka sanin Japan.

Da yammacin ranar bikin, bayan an watse, na samu Madam Yoko tana naɗe shuɗiyar yukatar. Tun da mutuncin ya riga ya zube, na yi abin da ban taɓa yi ba: na buɗe baki. Na ce, "Madam, ni na karanta littafin duka. Me ya sa kika ba Zainabu?"

Ta dube ni da mamaki na gaske.

"Ke kina so? Ita ta zo ta ce in ba ta. Ke ba ki ce ba."